Kaset ɗin da ta ce a goge

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Ina durƙushe gaban wata mata ina auna mata tsawon riga, sai wani ɗan kabu-kabu ya tsaida babur ɗinsa ƙofar shagona yana jiran wanda ya ɗauko, salularsa tana waƙa daga cikin aljihu. Kiɗan ƙwarya na fara ji. Tun kafin murya ta shigo hannuna ya tsaya, don na san wanga bugu, na san inda mai ƙwaryar ke ɗan jinkirtawa kafin ta sake sauke hannu. Sai murya ta shigo. Muryar uwar ɗakina ce, wadda ta shekara goma sha biyar da rasuwa.

Jin muryarta ba baƙon abu ba ne a Malanville. Kaset uku ta bari a duniya, kuma babu gidan buki ko motar haya da ba a sa su. Na saba in ji ta ina ɗinki, in bi ta da amshi a zuci ban ma sani ba. Amma wagga waƙa ba ta cikin ukun. Sau ɗaya tak munka yi ta, cikin wani ɗaki a Gaya, can ƙetaren kogi, kuma da kunnena na ji ta ce wa mai ɗaukar murya ya goge. Matar da nake aunawa ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata ƙafata ce ta riƙe. Kafin in miƙe, ɗan kabu-kabu ya tafi.

Uwar ɗakina zabiya ce, 'yar Madécali, ɗiyar masunta. Da Dandanci take waƙa da Hausa, in kuma anka kai ta wajen makiyayan Toumboutou, wani ƙauye da ke kusa da mu, ta san gaisuwar da za ta jefa da Fillanci har tsofaffi su yi murmushi. Mu huɗu ne a bayanta, biyu na ƙwarya, biyu na amshi. Ni na shiga ina da shekara ashirin, bayan aurena na fari ya mutu, na koma gida ba ni da komi sai ɗan karatun lakwal, wato na boko, da murya mai tashi sama. Shekara tara na yi ina amsa mata.

Mutane suna zaton zama bayan zabiya daɗi ne. Ni abin da na fi tunawa jira ne. Jiran mota bakin hanya, jiran masu buki su ƙare cin abinci, jiran ita kanta ta huce. Sai ƙafafu da ke kumbura don tsayuwa, da buhun ƙorai bisa kaina daga tasha zuwa gidan buki. Tana da faɗa. In kin shigo amshi da wuri ta harare ki, in kin makara ta juyo ta yaɓa miki magana cikin waƙar, mutane su yi dariya suna zaton wasa ne. Ina sonta, ina kuma tsoronta. Da ciwo ya kwantar da ita munka watse, na koyi ɗinki, kuma ba zan ɓoye ba, makon farko da na zauna bisa kujera ina aiki a zaune, daɗi na ji, na kuma ji kunyar daɗin.

Wata bakwai kafin rasuwarta munka ƙetare gada zuwa Gaya don yin kaset na huɗu. Wani dattijo ne mai ɗaukar, mutum mai sanyin magana, ya liƙe bangon ɗakinsa da tsofaffin katifu don kada ƙarar titi ta shigo. Bazara ce. Da za a fara sai ya kashe fanka, ya rufe taga, mu biyar da shi cikin ɗakin da bai fi rumfar mai shayi ba. Kwana biyu munka yi haka. Ƙirjinta ya riga ya fara, tana ɓoyewa. Waƙar da da take yi a numfashi ɗaya sai ta yanka ta uku. Ta sa a sake, a sake, a sake. A rana ta biyu, tsakiyar wata sabuwar waƙa da take yi kan jirgin mahaifinta, tari ya kama ta. Ta kai bakin zane ga baki, da ta janye na ga jini. Ta ga na gani, ta damƙe mini hannu har farcenta ya shiga. Bayan ta sha ruwa ta ce wa dattijon wannan ba muryarta ba ce, ya goge duka. Ya ce to. Munka koma gida.

Ashe bai goge ba. Daga baya na ji yadda abin ya faru. Dattijon ya rasu, da damina ruwa ya shiga gidansa, ɗansa yana fidda kaya ya tarad da wani akwatin ƙarfe bisa kabad cike da kaset. Ya juye su a na'ura, ya ba wani abokinsa ya ji, abokin ya ba wani. Lokacin gada tana rufe, mutane da kaya duka ta jirgi suke ƙetarewa, to cikin salular masu jirgi waƙoƙin sunka ƙetaro mana.

Maƙwabcina a layinmu mai cajin salula ne, shi ke zuba wa mutane waƙoƙi cikin ɗan katin nan na salula. Shekaru muna tare ban taɓa ganin layi a gabansa ba sai wancan mako. Gari kuwa ya daɗe a gajiye. Manyan motoci sun yi wata da watanni a jere bakin hanya suna jiran a buɗe gada, direbobi suna kwana ƙarƙashinsu suna shanya wanki bisa madubi, albasa tana ruɓewa cikin buhu, kowa ka gaida sai ya ce da godiya cikin muryar da ba godiya a ciki. Sai ga wannan abu ya faɗo. Na ga direban da ya girme ni ya kafa salula a kunne yana tafiya tsakiyar titi, 'yan kabu-kabu suna kauce masa. Na ga wata mai tuyar ƙosai ta bar mai yana ƙuna tana ce wa mai salula ya maido daga farko. Wani makiyayi ya taho daga Toumboutou a ƙasa, ya kwance 'yar salularsa daga cikin ƙyalle, ya ce a zuba masa duka har da tarin, don an gaya masa akwai inda take tari. Da anka zuba ya tsuguna nan gindin rumfa ya ji, ya share ido da bakin rawani, ya ce ita ta yi waƙa ranar aurensa. Samari da 'yan mata da ba su taɓa ganinta ba sun fi kowa ɗoki. Suna cewa kamar tana cikin ɗaki tare da su.

Ba waƙoƙin sunka fi ruɗa mutane ba, abin da ke tsakaninsu ne. Dattijon ba ya tsaida na'ura in an yi kuskure, saboda haka komi ya shiga: inda take gyaran murya, inda take tambaya ko an rufe ƙofa, inda ƙwarya ta kuɓuce ta yi birgima a ƙasa. Mutanen da sunka san ta daga nesa, cikin babban zane da ɗan kwali, yanzu sun ji ta tana tsaki tana cewa zafi zai kashe ta. Akwai kuma wani wuri da amshi ya makara, kiɗa ya tsaya, ta ce:

"Ke doguwa, amshi kike ko hamma?"

Wani ya yanko wannan kaɗai, yana yawo daga salula zuwa salula. Cikin kwana kaɗan ya zama maganar gari. Dillalan albasa suna faɗa wa juna, mata suna faɗa wa mazansu, har wani jandarma na ji yana faɗa wa direban da ya daɗe yana laluben takardu. Doguwar ni ce.

Na yi ta fatan ba wanda zai tuna. Amma Malanville ba ta da girman da za a ɓoye tsawo irin nawa. Wata tsohuwa mai saida daddawa ta nuna ni, shi ke nan. Shagona ya koma wurin ziyara. Mutum zai shigo ba da yadi ba, ya yi sallama, ya zauna bisa bencin masu jiran ɗinki, ya kalle ni yana murmushi, can ya ce ashe ke ce. In ce ni ce. Ya ce in ba shi labarinta. Na farko da na biyu na ba su da zuciya ɗaya. Zuwa na ashirin na ji labarin yana fita daga bakina kamar karatun da anka tilasta mini, iri ɗaya, da inda za su yi dariya da inda za su girgiza kai. Wasu suna ɗaga salula su ɗauke ni ba su tambaya ba. Wasu su ce in yi amshin su ji. Ɗinki ya taru. Mijina, manomin shinkafa ne ba mai yawan magana ba, ya ce in rufe shago kwana biyu. Na ce in na rufe gida za su biyo ni.

Wata rana maza biyu sunka shigo da gardama, sun ce ni zan raba su. Cikin ɗaya daga waƙoƙin akwai wata kalma da ba wanda ya gane. Na farko, mai karatu ne da tabarau, ya ce tsohon Dandanci ne, sunan da kakanni ke kiran kogi da shi, kuma wannan ya nuna zurfin saninta. Na biyu ya ce Fillanci ne, daga makiyaya ta ɗauko. Sunka sa mini wurin na ji. Na tuna sarai. Sunan wani ɗan kasuwa za ta kama, ya ɓace mata, ta cike gurbin da abin da ya zo bakinta, da niyyar a sake. Na gaya musu haka. Sunka kalli juna. Mai tabarau ya ce da ladabi wataƙila na manta, shekaru sun ja. Sunka fita suna ci gaba da gardamarsu.

Abin da ya fi cin ran mutane shi ne waƙar jirgi, wadda ta yanke a tsakiya. A abin da ke yawo, tana kaiwa inda mahaifinta ya tura jirgi ya bar gaɓa, ta ja numfashi, sai shiru. Kowa da nasa bayani. Wasu sun ce kuka ya kama ta, wasu sun ce wuta anka ɗauke, wasu sun ce ta hango mutuwarta. Wani mai shiri a radiyo ya aiko har sau uku in zo in ƙarasa waƙar, tunda ni na san ƙarshenta. Na ce a gaya masa ba ta da ƙarshe. Gaskiya na faɗa. Ita ba ta shirya waƙa a gida, a tsaye take yinta, mu ma sai ta faɗi baiti muke jin sa. Abin da ya tsaida ta kuwa ban gaya wa kowa ba.

Duk wannan ana yi ban zauna na saurari abin daga farko zuwa ƙarshe ba. Gutsattsari nake ji daga salular mutane. Mijina ne ya karɓo katin wurin maƙwabcina, ya sa a salularsa, ya ajiye mini bisa keken ɗinki ranar wata Juma'a zai tafi masallaci. Ya ce tunda kowa ya ji muryata, ni ma in ji. Layin ya yi tsit, na jawo ƙofa, na kunna.

Muryata ban gane ta da farko ba. Siririya ce, mai sauri, kamar ta wadda ke tsoron a kore ta. Wadda na gane nan take ita ce ta abokiyar amshina, wata gajeriya mai dariya da hanci, wadda aure ya kai kudu bayan mun watse, kuma tun sannan ban sake jin labarinta ba. Ba wanda ya zo shagona ya tambaye ni ita.

Sai anka kai wurin doguwa. Ina tune da shi sarai, don bayan ta faɗa na nemi fita bayan gida na yi kuka a can, kunyar dattijon baƙo ta ishe ni. Amma a katin maganar ba ta ƙare nan ba. Bayan ta faɗa, sai ta yi 'yar dariya, ta ce:

"Ku ba ta ruwa. Tun safe take tsaye, ni na hana ta zama. Zauna, ɗiyata, zauna."

Sai ƙarar kujera, sai ƙarar moɗa cikin tulu.

Na maido wurin sau huɗu. Ban tuna wannan ba ko kaɗan. Shekara goma sha biyar ina ɗauke da rabin farko, ina juya shi in na so in tuna wa kaina dalilin da ya sa ban yi kewar waƙa ba. Ban san ko na riga na fita lokacin da ta faɗa ba, ko ina nan kunnena ya toshe. Amma ƙarar kujerar fa, wani ya zauna. Da wani ya ba ni labari cewa zan yi ƙarya ce. Ba sanyi na ji ba, wata gajiya ce ta sauko mini, irin ta wanda ya gama shirya ɗaki anka ce ya sake. Da mijina ya dawo ya tarad da ni zaune ban taɓa ɗinki ba. Ya ɗauki salularsa ya ce mu tafi gida.

Bayan kamar mako biyu wani mutum ya yi sallama a shago, da jakar leda a hannu, wandonsa jiƙe har gwiwa daga sauka jirgi. Na zaci irin masu zuwa ne, ban ɗaga kai sosai ba. Ya ce shi ne ɗan dattijon Gaya, malamin lakwal ne. Ya ce bai yi nufin abin ya bazu haka ba, mutum ɗaya ya ba. Na ce masa uwar ɗakina ta ce a goge. Ya ce ya sani, don ya ji da kunnensa a kaset. Ya buɗe leda ya fiddo kaset guda. Ya ce wannan ne na ƙarshe, bai juye shi duka ba, bai ba kowa shi ba. Waƙar jirgi a abin da ke yawo ta yanke don shi ya yanke ta da hannunsa. Sauran yana nan ciki: tarin da ya tsaida ta, da muryoyinmu muna salati, da inda take cewa a goge, da inda mahaifinsa ya ce to.

Ya ce tun yana saurayi yake ganin mahaifinsa, shekara-shekara, ya rufe ɗaki ya saurari wasu kaset shi kaɗai, bai san na wa ne ba sai yanzu. Ya ce mutane sun gano akwai saura, suna binsa har lakwal, wani ma daga birni ya kira shi. Ya gaji. Ya ce:

"Yaya, ke kina cikin ɗakin. Ki gaya mini yadda zan yi da shi."

Na ce masa ni 'yar amshi ce, ba ni da iko da muryarta tana da rai balle yanzu. Tana da yaya mace a Madécali, ita ta yi jinyarta, ita ya kamata a tambaya. Ya ce in raka shi. Na kalli tulin yadin da ke jirana, na ce to.

Washegari da safe munka hau kabu-kabu biyu. Hanyar ta lalace da ruwa, sau biyu muna sauka mu taka. Rabona da Madécali tun sadakar arba'in. Gidan ya ƙanƙance a idona. Mun tarad da yayar zaune ƙarƙashin rumfa tana tsince shinkafa a faifai da laluben yatsa, don idonta ya yi rauni. Na gaida ta, ta riƙe hannuna ta bi shi har kafaɗa, ta ce doguwa ce. Ta ce na yi ƙiba. Ta tambayi mijina da ɗiyana, ta sa anka kawo mana ruwa da tabarma.

Ta riga ta ji waƙoƙin. Ta ce ba yadda za a yi ba ta ji ba, jikokinta suna sawa, masu wucewa suna sawa, har wasu sun zo daga Malanville sun ɗauki hoton ƙofar gidan. Ta ce ranar farko da ta ji, tana tsakar gida, ta amsa, don ta zaci kiranta ake. Ba ta faɗi haka da kuka ba, tana faɗa tana tsintar shinkafarta.

Malamin ya yi bayani, ya daɗe yana yi, yana neman gafara wa kansa da mahaifinsa. Ta bar shi ya ƙare. Ta tambaye shi mi ke cikin na ƙarshen. Ya kalle ni. Ni na gaya mata, da jinin da komi, karo na farko da na faɗa wa wani. Ta ce ta sani, ita ta wanke zanen. Ya tambaye ta ko tana so ta ji, ya taho da 'yar radiyo mai kaset a jaka. Ta ce a'a. Ta ce wata bakwai ta yi tana jin wannan tari a ɗakin can, ba ta bukatar a sa mata shi a radiyo.

Ta miƙa hannu, ya sa mata kaset ɗin. Ta juya shi, ta shafa, ta ce ashe ɗan ƙarami ne. Sannan ta ce:

"Ta ce a goge, ba a goge ba. Abin da ya fita ya fita, ba ni iya kamo shi, kuma na ji mutane suna yi mata addu'a saboda shi. Allah shi gafarta wa mahaifinka. Wanga kuwa ba na mutane ba ne."

Ta ɗaure shi a bakin zanenta kamar goro. Malamin ya tambaya a hankali ko za ta ƙone shi ne. Ta ce wannan ba ruwansa. Daga nan ta juya zance, ta tambaye shi yadda ruwa ya yi musu a Gaya, da ko gaskiya ne an ce gada za a buɗe. Ba ta bar mu mu tafi ba sai da munka ci tuwon shinkafa da miyar kifi. Da za mu tashi ta riƙe ni ta ce ƙanwarta takan ce duk cikin 'yan amshinta ni ce mai kunne, amma ba ta faɗa mini don kada in sake. Na ce mata ai kuwa ba ta faɗa ba. Ta yi dariya, ni ma na yi, ba don abin ya ba ni dariya ba.

Na raka malamin har bakin kogi. Jirage cike da buhuna da mutane, ana ta ciniki da ihu, daga wani jirgi kuma waƙar uwar ɗakina tana tashi. Ya ce ya ji nauyi ya sauka. Na ce madalla. Ya tattare wando ya shiga ruwa. Ban sake ganinsa ba, amma na ji ya gaya wa masu binsa cewa sauran kaset ruwa ya ɓata su, kuma na bar shi a haka duk wanda ya tambaye ni.

Ɗokin bai mutu rana ɗaya ba, raguwa ya yi ta yi. Layin gaban maƙwabcina ya gajarce, masu zuwa shagona sunka koma ɗaya a mako, sannan ɗaya a wata. Maganar doguwa ta tsufa, wata ta maye ta. Na yi kwanaki ina biyan ɗinkin da ya taru, wasu matan sun ɗauke yadinsu sun kai wani wuri, ban ga laifinsu ba. Bayana ya fara ciwon da har yau bai sake ni ba.

Wajen girbin shinkafa na ji a radiyo wata matashiyar zabiya ta ɗauki waƙar jirgi ta yi mata ƙarshe da kanta. A nata, mahaifin ya dawo da jirgi cike da kifi. Tsofaffi sun yi ta faɗa, sun ce rashin kunya ne. Ni na saurara ina yankan yadi, na ji ba laifi. Muryarta tana da ƙarfi, 'yan amshinta ne ke shigowa da wuri.

Ita kanta ta zo shagona daga baya, mace mai kamar shekara talatin, da goyo. Ta gaida ni a durƙushe, ta ce tsoro take ji ko na yi fushi. Na ce ban yi ba. Ta ce in koya wa 'yan amshinta yadda muke yi. Na ce na bar wannan tuntuni. Ta zauna ba ta tafi ba, har na ji nauyinta, na tura keke gefe na ce ta ba da baiti. Ta bayar, na amsa. Ƙasa-ƙasa na iya, da anka zo inda ake tashi sama murya ta ƙi, ta tsage, sai na nuna mata da hannu inda ake jira da inda ake shiga. Mun yi haka har la'asar. Maƙwabcina ya leƙo ya koma. Da za ta tafi ta tambayi yaushe za ta kawo su, na ce ta bari sai bayan Salla, yanzu aiki ya yi mini yawa.

Salla ta wuce, wata ma ta wuce. Ba ta zo ba, ni ma ban aika ba.